Wanda Ya Biya Kuɗi da Wanda Ya Riƙe Makulli

A ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe manyan na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya shigo kasuwa a ƙarshen 2014. Daga wannan rana wasan ya daina tashi a kwamfutar kowa, har da waɗanda suka saye shi a faifai cikin kwalinsa, har da waɗanda ba su taɓa yin tsere da wani mahaluƙi ta intanet ba, su kaɗai suke tuƙinsu. Faifai na nan lafiya ƙalau babu ko ƙwarzane, kwamfuta ma lafiyarta lau, amma da an kunna wasan sai ya tsaya cak yana neman izini daga na'urar da aka riga aka kashe. Bayan 'yan kwanaki masu shi suka fara tarar da an ɗauke shi daga jerin wasanninsu an kai shi sashen waɗanda ba sa aiki, da sanarwar cewa ba su da sauran iko da shi. Da wasu suka kai ƙara kotu a jihar Kaliforniya ta Amurka, lauyoyin kamfanin ba su yi wani kwana-kwana ba: ai dama ba wasan kuka mallaka ba, izinin bugawa aka ba ku, kuma an rubuta haka a jikin kwali. Wannan amsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta taɓo tambayar da ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Idan mutum ya biya cikakken kuɗin abu, me ya shiga hannunsa, me kuma ya halatta ya rage a hannun wanda ya sayar masa?

Ba dare ɗaya aka iso nan ba. A shekarun 1980 da farkon 1990 dabarun hana kwafi masu sauƙi ne: wasa ya tambaye ka kalma ta kaza a shafi na kaza na ɗan littafin da ya zo a kwali, ko ya nemi lambar da aka buga a murfin faifai. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da manhajoji irin su SafeDisc da SecuROM masu duba ko faifan asali ne ke cikin na'ura. Duk da takurarsu, makulli na hannun mai saye ne. Muddin faifan na wurinsa zai buga, zai ara wa abokinsa, in ya gaji ya sayar. Abin da ya sauya lissafi shi ne Steam, dandalin da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a Satumban 2003. A Nuwamban 2004, da wasan Half-Life 2 ya fito, mutumin da ya taka har shago ya sayo faifai ya dawo gida ya saka, sai ya tarar dole ya ɗora Steam, ya buɗe asusu, ya shigar da lambar kwalin, sannan ya zauna jiran na'urorin Valve su kwance masa abin da ke ƙulle a kan faifan da ya riga ya biya. A ranakun farko cunkoso ya sa mutane da yawa suka yi ta jira. Lambar kuwa da zarar ta shiga asusu ta liƙe ke nan, ba ta ƙara fita, faifan ya zama ba shi da daraja a kasuwar na hannu. An yi ta ƙorafi, amma wasan ya yi daɗi matuƙa, jama'a suka haɗiye. Ganin haka sauran manyan kamfanoni kowa ya gina tasa ƙofar: Ubisoft da Uplay, EA da Origin a 2011, Epic da nasa shagon a 2018. A yau mafi yawan manyan wasannin kwamfuta sai ta irin waɗannan ƙofofi ake shigarsu.

Kafin a tuhumi kamfanoni, adalci ne a fara ba su haƙƙinsu cikakke. Babban wasa na zamani aikin ɗaruruwan mutane ne na shekaru, da masu zane da masu rubuta labari da masu kiɗa da masu rubuta manhaja, kuma kuɗin da ake zubawa a wasu yakan haura dala miliyan ɗari. Abin da aka kwashe shekaru biyar ana yi, minti kaɗan ya isa a kwafe shi ba tare da an kashe ko sisi ba. Malaman Musulunci na wannan zamani ba su bar batun a duhu ba. A zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamban 1988, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, shari'a ta kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Bahaushe ma ba ya bukatar dogon bayani a kan ɓarnar satar fasaha, tun da ya ga yadda masu buga faifan jabu da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, furodusa ya ci bashi ya yi fim, wani da bai zuba ko kwabo ba ya kwashe ribar. Don haka babu gardama a kan cewa mai fasaha yana da ikon hana a kwafi aikinsa a rarraba. Inda maganar take shi ne ko wannan iko ya kai ya riƙe makullin kwafin da ya riga ya sayar, ba tare da wa'adi ba, ya kuma rufe shi duk ranar da ya ga dama. Ra'ayina shi ne bai kai ba, kuma dalilan ba sababbi ba ne.

Fiƙihu ya raba hanyoyin karɓar kuɗi a kan kaya gida biyu sanannu. Akwai ciniki, inda mallakar abin kanta ke ƙaura daga mai sayarwa zuwa mai saye har abada, mai saye ya yi amfani da shi, ya sayar, ya kyautar, ya bar wa magada. Akwai kuma haya, inda abin ke zama na mai shi, amma amfaninsa ya zama na mai biya, da sharaɗin a san amfanin, a san kuɗin, a san wa'adin. Kowanne yana da kariyar da ke tare da shi: mai saye ya dogara da ɗorewa, mai haya ya dogara da wa'adi. Shi ya sa malamai suka tsananta a kan sharaɗin da ke ƙwace wa ciniki ransa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Mukhtasar na Khalil, idan mai sayarwa ya gindaya sharaɗin da ya ci karo da manufar ciniki, kamar ya ce kada ka sayar wa kowa, kada ka kyautar, cinikin ya ɓaci sai in ya janye sharaɗin. Ƙissoshi biyu ke haska iyakar. Iyayen gidan wata baiwa mai suna Barira sun yarda su sayar da ita ga Nana A'isha don ta 'yanta ta, amma suka ce dangantakar 'yantarwa, wadda ke jawo gado, ta zauna a wurinsu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya soke wannan sharaɗi a bainar jama'a, domin suna so su karɓi kuɗi su kuma riƙe abin da ke bin wanda ya biya. Jabir ɗan Abdullahi kuwa ya sayar wa Annabi raƙuminsa a kan hanyar tafiya, ya nemi a bar shi ya hau har Madina, aka bar shi. Imam Malik ya halatta irin wannan in tafiyar gajeriya ce. Bambancin a fili yake. Sharaɗin Jabir yana da iyaka, kowa ya san inda Madina take, da an isa raƙumi ya koma hannun mai saye. Na iyayen gidan Barira kuwa igiya ce da ba ta da ranar kwancewa.

A auna lasisin wasa da wannan ma'auni. Idan ciniki ne, ga shi an hana mai saye ya sayar, an hana shi kyautarwa, an kuma bar wa mai sayarwa damar dakatar da amfanin. Idan haya ce, ina wa'adin? Wanda ya biya dala sittin a 2014 bai san ko shekara biyu zai buga ko ashirin ba, kuma wanda ya saya a watannin ƙarshe kafin a janye wasan daga kasuwa a Disamban 2023 bai san 'yan watanni kawai ya saya ba. Wannan shi ne ainihin garari, wato cinikin da ɗaya ɓangaren bai san abin da zai samu ba, wanda shari'a ta hana domin shi ke haifar da husuma. Malamin Malikiyya Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi wani rabe-rabe a littafinsa Al-Furuƙ da ya dace da wannan hali kamar don shi aka yi. Ya bambance wanda ya mallaki amfanin abu, kamar mai hayar gida, da zai iya zama ko ya zaunar da wani, da wanda aka ba shi izinin amfana shi kaɗai, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi, wanda ba zai sayar da ɗakin ba, ba zai ba da shi haya ba. Lasisin wasa ya fi kama da na biyun. Sai dai ɗalibin waƙafi bai biya kuɗin ginin ba, shi kuwa mai wasa an karɓi kuɗinsa a farashin mallaka aka ba shi matsayin ɗan alfarma. Abin ya fi fitowa fili a wajen mutuwa. Yarjejeniyar Steam ta hana miƙa asusu ga wani, kuma a 2024 amsar ma'aikatan kamfanin ta bazu cewa ko ta wasiyya ba a miƙawa. Mutum zai tara wasanni ɗaruruwa na dubban daloli, ranar da ya cika komai ya bi shi, 'ya'yansa ba su da kaso. Alhali a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad, ko hayar gida ba ta warwarewa da mutuwar mai haya, magada ne ke cinye sauran wa'adin.

Hujja ta farko da za a kawo ita ce yarda. Ai babu wanda aka sa wa wuƙa a wuya, an nuna masa sharuɗɗa, ya danna ya amince, kuma cika alƙawari wajibi ne. Wannan magana tana da nauyi, domin akwai malamai, musamman Ibnu Taimiyya, da suka faɗaɗa ƙofar sharuɗɗa, suka ce asalinsu halacci ne. Amma ko a wurinsu yarda ba ta wanke komai, in ba haka ba da riba ta halatta, tun da mai cin bashi da ruwa shi ma da bakinsa yake amincewa. Sannan a duba irin yardar. Rubutu ne mai shafuka da yawa cikin harshen lauyoyi, wanda a zamanin faifai ba ya bayyana sai bayan an biya an yage kwali, wanda kamfani ya ajiye wa kansa damar sauyawa, wanda kuma in mutum ya ƙi sabon sauyin zai iya rasa hanyar shiga duk abin da ya tara a baya. Wanda zaɓinsa shi ne ya sa hannu ko ya yi asarar shekara goma na sayayya, da wuya a ce ya yarda da daɗin rai. Su kansu hukumomin ƙasashen da kamfanonin suke sun fara gane haka. A Satumban 2024 jihar Kaliforniya ta yi dokar da ta hana shagunan intanet tallar kaya da sunan sayarwa ba tare da bayyana wa mai biya cewa lasisi ne kawai ba, kuma makonni kaɗan bayan haka Steam ya liƙa wannan bayani a shafin biyan kuɗi. Mataki ne mai kyau, amma rabin aiki ne. Ya kawar da ruɗi, bai kawar da garari ba, domin har yanzu babu inda aka rubuta ranar da izinin zai ƙare.

Kotunan Turawa ma ba su tsaya a magana ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ya nuna cewa tsarin yanzu ba wahayi ba ne. Tun 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani kamfanin ɗab'i, Bobbs-Merrill, da ya buga a jikin littafi cewa kada a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, kantin Macy's kuwa ya sayar a kan santi 89. Kotu ta ce ikon mawallafi a kan wannan kwafi ya ƙare da sayarwar farko. A 2012 Kotun Tarayyar Turai ta bi wannan sawu a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce manhajar da aka biya kuɗinta don amfani marar wa'adi an sayar da ita ke nan, ko da sauke ta aka yi daga intanet, kuma mai ita zai iya sayar wa wani in ya goge tasa. A 2019 wata kotu a Paris ta zartar da irin wannan hukunci a kan Valve a ƙarar ƙungiyar masu sayayya ta UFC-Que Choisir, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2022, babbar kotu kuma ta tabbatar da sokewar a 2024, bisa hujjar cewa wasa ya wuce manhaja zalla, akwai kiɗa da hoto da labari a ciki. Kamfanoni sun ci wannan zagaye, amma abin da suka ci shi ne fassarar wata doka. Tambayar adalci tana nan inda take.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: in babu kulle, ɓarayi za su kwashe komai, kamfani ya durƙushe. To, tarihi ya ba da shaida. A 2008 EA ya fitar da wasan Spore da kullen SecuROM mai ba da damar ɗora shi sau uku kacal. Tun kafin ranar fitowarsa an riga an fasa kullen an watsa shi a intanet, kuma ƙididdigar masu bibiyar harkar ta nuna shi ne wasan da aka fi sata a wannan shekara. Wanda ya sata ya ɗora sau nawa ya ga dama, wanda ya biya kuwa in ya sauya kwamfuta sau uku sai ya buga waya yana roƙo. A 2010 Ubisoft ya sa wa Assassin's Creed II sharaɗin kasancewa a kan intanet kowane lokaci, ko da mutum shi kaɗai yake bugawa. Layi na yankewa wasa ya tsaya. A Maris ɗin shekarar na'urorin kamfanin suka faɗi, masu gaskiya suka zauna suna kallon allo, cikin 'yan makonni kuma aka fasa kullen, a 2012 kamfanin da kansa ya yi watsi da tsarin. A 2021 masu gwaji suka tabbatar cewa kwafin sata na Resident Evil Village ya fi na halal tafiya sumul, sai da kamfanin Capcom ya fito da gyara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma bugun ya fi sauka a kan wanda ke zaune inda wuta ke ɗaukewa, data ke da tsada, sabis ke zuwa yana tafiya, wanda ya biya daidai da na Landan amma ya samu ƙasa da nasa. Musulunci kuwa, da kowace lafiyayyar shari'a, ba su yarda a ɗora wa wani laifin wani ba.

A ɗaya gefen akwai shaidar cewa ana cin riba ba tare da kulle ba. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe shagon GOG a 2008, inda mai saye ke sauke wasa ya ajiye a faifansa, ya ɗora duk lokacin da ya so ba tare da neman izinin kowa ba. Wasansa The Witcher 3 ya fito a 2015 babu kulle, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Shugaban Valve da kansa, Gabe Newell, ya taɓa bayyana cewa satar wasanni galibi matsalar rashin kyakkyawar hidima ce, in an sauƙaƙa wa mutane saye za su saya. Duk da haka, gaskiya ce cewa kulle mai ƙarfi irin Denuvo, wanda ya bayyana a 2014, yakan kare wasa a makonnin farko, lokacin da ake yin mafi yawan ciniki. Na yarda da wannan, kuma shi ne ma ke ƙarfafa maganata. Idan amfanin kulle na makonni ne ko watanni, to a sa masa wa'adi. Kamfanoni da dama sun riga suna cire Denuvo bayan kasuwa ta lafa, kamar yadda aka yi wa Doom a ƙarshen 2016. Kulle mai ranar buɗewa sharaɗin Jabir ne, babu mai ja da shi. Abin da ya rage shi ne ya tashi daga alherin da kamfani ke yi in ya ga dama ya koma alƙawarin da aka rubuta tun ranar ciniki.

Hujja ta uku ita ce jin daɗi. Miliyoyin mutane suna son Steam da gaske: rangwame mai yawa, gyara yana sauka da kansa, ba faifan da zai fashe, akwai damar bugawa ba tare da intanet ba na wani lokaci, kuma ba kowane wasa a dandalin ke da kulle ba. Duk wannan haka yake. Amma haƙƙin da ya rataya a kan kirkin wani ba haƙƙi ba ne, alfarma ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Shugabanni na sauyawa, kamfanoni na sayar da kansu, wasu na mutuwa. Microsoft ya buɗe dandalin Games for Windows Live a 2007, ya rufe kasuwarsa a 2013, wasannin da masu su ba su damu su cire musu shi ba suka zama abin wahala. Da Windows 10 ta fito a 2015 ta daina karɓar SafeDisc saboda dalilan tsaro, faifai na asali masu yawa suka daina tashi. A 2019 masu wasan Tron: Evolution suka kasa ɗora shi saboda yarjejeniyar kullensa ta ƙare tsakanin kamfanoni biyu da mai saye bai san da zamansu ba. Shi kansa Steam ya daina tallafa wa Windows XP a Janairun 2019, da Windows 7 a Janairun 2024, ko da wasan da mutum ya saya yana tafiya daidai a tsohuwar kwamfutarsa. Ko tsarin mayar da kuɗi da ake yaba wa Valve, na kwana 14 in ba a buga fiye da awa biyu ba, a 2015 ya zo, bayan hukumar kare masu sayayya ta Ostareliya ta maka kamfanin a kotu, shari'ar da ta kai ga tarar dalar Ostareliya miliyan 3 a 2016.

Hujja ta huɗu ita ce babu kamfanin da zai iya riƙe na'urori suna aiki har abada don mutane ƙalilan. Wannan ma gaskiya ce, amma babu wanda ya nemi haka. Yunƙurin Stop Killing Games da Ross Scott ya fara a Afrilun 2024, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025, abu ɗaya yake nema: in kamfani zai janye, ya bar wasan a halin da za a iya bugawa, ko ta cire bukatar intanet ko ta barin jama'a su kafa tasu na'urar. Cewa hakan ba zai yiwu ba, an sha jin irinta. A 2013 aka ce SimCity ba zai iya tafiya ba tare da na'urorin EA ba, masu bincike suka nuna yana tafiya, a Maris ɗin 2014 kamfanin ya fito da damar bugawa ba intanet. Ubisoft ma, bayan hayaniyar The Crew, ya yi alƙawarin sa wa wasannin da suka biyo bayansa irin wannan dama. Akwai wasannin da ginin nasu gaba ɗaya a kan taron jama'a yake, kuma masu karɓar kuɗin wata-wata irin World of Warcraft ba su yaudari kowa ba, haya ce sananniya mai wa'adi sananne. Amma wanda ya karɓi kuɗi dunƙule, ya kuma gina kayan da gangan yadda ba za su rayu ba sai da shi, shi ya ɗora wa kansa nauyin shirya ranar rabuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan wasa, abin shagala da ɓata lokaci? Hukuncin buga wasa da iyakokinsa magana ce ta daban, tana da wurinta. Amma dukiyar mutum ba ta halatta a ci don kawai ya kashe ta a kan abin da wani ya raina. Bayan haka, wasanni filin gwaji ne, abin da aka saba da shi a can yana bazuwa. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge littattafan George Orwell da suka saya, ya mayar musu da kuɗi, shugabansa ya ba da haƙuri daga baya. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. Manoma a Amurka sun shafe shekaru suna rigima da kamfanin John Deere a kan taraktocin da manhajarsu ke hana mai ita gyara sai ta hannun dillalin kamfani. Ranar da littattafan karatu da na addini suka koma bayan irin wannan ƙofa, ba za a ce shagala ba ce. Akwai kuma haƙƙin na baya. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba sa kasuwa. Waɗanda ke kan faifai marar igiya ana iya ceto su a ɗakunan adana tarihi, waɗanda ransu ke hannun na'urar kamfani kuwa in an kashe su sun tafi.

Wannan duka bai buɗe ƙofar sata ba, ko da yake matasa da yawa a intanet suna yaɗa cewa tun da saye bai zama mallaka ba, kwafi ma bai zama sata ba. Maganar tana da daɗin ji amma ba ta da ƙafa. Zaluncin da kamfani ya yi wa wanda ya biya ba ya zama hujja ga wanda bai biya ba, kuma mai zane da mai rubuta manhaja da ke jiran albashi ba su suka rubuta yarjejeniyar ba. Wanda bai gamsu da sharaɗi ba yana da hanya mai tsabta: ya bar kayan. Halin wanda ya biya, aka kashe masa wasa, ya nemi hanyar tayar da kwafinsa don amfanin kansa, wannan daban ne, domin abinsa yake nema. Ko dokar Amurka ta 1998, mai tsananin hana fasa kulle, an yi mata togaciya a 2015 ga wasannin da babu abin da ya hana su tashi sai na'urar tantancewa da kamfani ya kashe.

Hukuncin da hujjoji suka kai mu gare shi gajere ne. Mai fasaha yana da haƙƙin hana kwafi, yana da haƙƙin sa kulle na wani lokaci sananne, yana da haƙƙin ba da haya in ya faɗi wa'adinta. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya karɓi kuɗin ciniki, ya ba da ƙasa da haya, ya kuma ajiye wa kansa ranar ƙwacewa. Malamanmu na fiƙihu suna da kayan aikin warware wannan mas'ala a littattafan da ke gabansu, ya kamata su ɗauke ta da muhimmanci tun kafin ta iso kan littafi da injin noma. Hukumomin kare masu sayayya su tilasta a rubuta wa'adi da tsarin rabuwa a gaban mai biya. Kai kuma mai karatu, kafin ka danna ka biya, ka bincika ko abin zai tashi ranar da kamfanin ya rufe. In akwai shagon da zai ba ka kwafi marar igiya, ka fifita shi ko da ya ɗan fi tsada. In babu, ka biya da sanin cewa haya ka ɗauka, ka kuma auna kuɗin da ma'aunin haya.